Labarin makarantar ɗan autana a nan Ingila, da kwamitin da ban taɓa gani ba

Yaya barka da war haka, ya gida ya yara, ya jikin Inna? Kin tambaye ni a waya wai da gaske ne a nan gwamnati ke ɗauke wa mutum komai idan yaronsa na da lalura, nace miki sai na zauna na rubuto, don maganar ta fi ƙarfin minti biyar.

Gaskiya akwai abubuwa kam, ba zan ɓoye alheri ba. Tun da likitoci suka tabbatar auta yana da otizim, lalurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane, babu wanda ya ce min aljanu ne ko sammu, babu mai cewa a kai shi wajen wane a yi masa turare. Asibiti kyauta, makaranta kyauta, kuma kowace makarantar gwamnati dole tana da malami guda da aikinsa kenan kula da irin waɗannan yara, SENCO suke ce musu, tamu mace ce mai kirki wallahi. Har kayan ma a kanti kike samunsu ba wahala, abin toshe kunne saboda ƙara, katunan hoto da yake nuna min idan yana son ruwa ko banɗaki, bargo mai nauyi da ke sa shi barci. A Kano ni dai Tudun Maliki na sani ta kurame da makafi, sai kuma masu zaman kansu da kuɗinsu sai wane da wane.

Amma babban taimakon, wanda zai sa a ba yaro mai zama kusa da shi a aji da mai koya masa magana, wannan sai da wata takarda da ake kira EHCP. Doka ce ta 2014 ta kawo ta, tana bin yaro tun yana jariri har shekara 25 idan yana karatu, kuma duk abin da aka rubuta a ciki na karatu ya zama wajibi a kan ƙaramar hukuma, wato kansil. Yara sama da dubu 600 ke da ita yanzu a Ingila. To a nan gizo ke saƙar.

Na cike fom, na haɗa rahoton likita da na makaranta da na mai koyar da magana na tura wa kansil. Doka ta ba su sati 6 su ce za su auna yaro ko ba za su auna ba. Ana saura kwana biyu sai ga wasiƙa, shafi ɗaya da rabi, wai kwamiti ya zauna ya duba ya ga makaranta za ta iya biya masa buƙatunsa da abin da ke hannunta. Shikenan fa. Yaron da a lokacin ko awa uku ba ya iya yi a aji sai an kira ni in zo in ɗauke shi, ina tsakiyar aiki, har ogata ta fara min wani irin kallo. Na zauna a kicin da wasiƙar nan a hannu na karanta ta ya fi sau biyar ina neman suna ko ɗaya, su waye kwamitin, mutum nawa ne, akwai wanda ya taɓa ganin ɗana a cikinsu, me suka karanta, babu. Na buga waya aka ce jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinmu ta bar aiki, sabuwar kuma ta ce ita ba ta cikin zaman, saƙo kawai aka ba ta.

Kinsan a gida ko ba komai kin san ƙofar da za ki je, ko ta hannun wani kawu ko maƙoci da ya san wani a sakatariya, ki je ki gaisa ki yi bayani ido da ido, ko a yi ko kar a yi kin dai ga fuskar wanda ya hana ki. Nan babu fuska. Kowa na miki magana da ladabi, sannu sannu, amma wanda ya yanke hukuncin kamar iska.

Wata 'yar Somaliya da muke haɗuwa a ƙofar makaranta ita ta buɗe min ido, Allah ya saka mata. Tace dokar kare bayanai ta ba ni ikon in nemi duk abin da suka rubuta a kan ɗana, kuma wata ɗaya suke da shi su ba ni. Na tura imel. Abin da ya zo ambulan ne mai kauri, an bi wasu layuka an shafe da baƙi, amma a ciki na ga takardar zaman, layi huɗu kacal a kan auta, kuma rahoton mai koyar da magana, wanda shi ne ya fi nuna halin da yake ciki, kwata-kwata ba ya cikin jerin abin da aka sa a gabansu. Ranar nayi kuka Yaya, ba don an hana ba, don da ban tambaya ba da har abada ba zan sani ba, zan ta zargin kaina ne ko ban iya Turancin cike fom ba.

Daga nan sai ɗaukaka ƙara. Akwai kotu ta musamman don wannan, ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, wata 2 ake ba ki daga ranar wasiƙa, amma sai kin fara tuntuɓar masu sulhu sun ba ki shaida. Wata ƙungiyar agaji mai suna IPSEA tana da samfurin wasiƙu kyauta, da su nayi amfani. Abin da ya fi ɗaure min kai, alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna a ƙararrakin da aka kai ga yanke hukunci iyaye ke samun nasara a sama da kashi 95 cikin 100. To idan haka ne me ya sa ake ce wa mutane a'a tun farko? Ni a ganina kuɗi ne, kansiloli da yawa bashi ya musu katutu a wannan fannin, kuma sun san ba kowace uwa ce za ta iya bin takarda wata da watanni ba, balle irinmu baƙi. Da za su fito su ce ba mu da kuɗi da ya fi min sauƙi a rai a kan su ce yaron baya buƙata.

Mu ba a ma kai ga zaman kotu ba suka janye suka ce za su auna shi. Doka tace sati 20 a gama komai, wajen rabin iyalai ne ke samu a kan lokaci, namu ya haura shekara. Da daftarin takardar EHCP ɗin ya zo aka ba ni kwana 15 in duba, nan ma sai da na tsaya, sun rubuta zai riƙa samun taimakon magana a kai a kai, nace a'a a rubuta min minti nawa, sau nawa a sati, kuma wa zai yi, don kalmar da ba ta da lamba ba ki da abin riƙe su da shi.

Yanzu alhamdulillahi yana wuni a makaranta, shekaranjiya ya ce min Mama ruwa da bakinsa ba da kati ba. Amma ki sani duk wannan ni kaɗai na yi shi da dare bayan sun kwanta, babu Inna da za ta riƙe min shi, babu yaran maƙota da za su ja shi wasa, abin da kuke da shi ku a gida ba ku san darajarsa ba.

Maganar ɗan maƙociyarki da kika ce baya magana, ki ce mata ta fara kai shi a gwada kunnensa tukun, kuma duk takardar da likita ya rubuta ta adana, ko ta kati ce. Watan gobe ake zaman bitar shekara na takardar EHCP ɗin auta, na riga na nemi a turo min rahotanni kafin ranar. Idan mai zuwa ya samu ki sako min kuka da daddawa, ki gaida Inna sosai.