Yaya, ga labarin biza da takardu daga Manchesta

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin Hajiya, ya kasuwa, ya zafin Gombe? Tunda yaron wajenka ya fara zancen tahowa karatu, bari in ba ka labarin takardu tun da wuri, don aikin da zai hau kanka ya fi wanda zai hau kansa.

A gida in mutum yana son a shaide shi, mai unguwa na nan, liman na nan, ko a Jekadafari ko a Pantami ba za a rasa dattijon da ya san kakansa ba. A Ingila takarda ce mai unguwa. In za ka buɗe asusun banki, in za ka kama haya, sai an ce kawo wasiƙar da ke ɗauke da sunanka da adireshin gidanka: ta harajin ƙaramar hukuma, ko ta wuta da gas, ko ta banki. Gidan wayansu kuwa na aiki, wannan dole a yaba musu. Wasiƙa har ƙofa ake kawo ta, a zura ta wata 'yar kafa da ke jikin ƙyaure. Mutanenmu da yawa in sun ga ambulan mai ruwan ƙasa sai su jefa a kwandon shara, alhali ranar sabunta biza ita za a nema.

Bizar aiki ba ta sabunta kanta, kuma ba wanda zai zo ya tuna maka. Dole ka shigar da buƙata kafin tsohuwar ta ƙare. In ka shigar a kan lokaci, doka ta bar ka ka ci gaba da zama da aiki har su yanke hukunci. In ka bari ta ƙare, ka shiga sahun masu zama ba izini, kuma tabon na iya bin ka zuwa buƙata ta gaba. Wurin aikinka zai ba ka sabuwar lambar shaidar cewa su ne suka ɗauki nauyinka, kai kuma ka biya kuɗin biza da kuɗin asibiti. Kuɗin asibitin nan shi ne mai karya baya. Tun Fabrairun 2024 fam 1,035 ne a shekara ga babba, fam 776 ga yaro ko ɗalibi, kuma na dukan shekarun ake biya a dunƙule. Magidanci da matarsa da yara biyu, bizar shekara uku, fam 10,866 ke nan kafin a taɓa kuɗin bizar kanta. Masu ce maka asibiti kyauta ne a Turai, ka tambaye su wannan lissafin. Ma'aikatan lafiya dai an yafe musu. Gaskiya in ka je ganin likita ba mai cewa je ka sayo safar hannu ko allura, amma samun ganin likitan ma sai da jira.

Katin izinin zama da muke yawo da shi a aljihu ya daina aiki a ƙarshen Disamban 2024. Yanzu bizar a intanet take. In mai gidan haya ko sabon wurin aiki suna son tabbatarwa, sai ka shiga shafin gwamnati ka ciro musu wata lamba mai aiki na kwana 90. Da sauƙi, amma in ka sake fasfo sai ka shiga ka sanar da su sabuwar lambar, in ba haka ba a filin jirgi za a tsayar da kai.

Abin da na fi kewa, kada ka yi dariya, shagon kwamfuta ne. Irin na bakin jami'ar jiha, inda yaro zai karɓi takardarka, ya buga, ya yi kwafi, ya cike maka fom, ya ɗauke ka hoton fasfo, ku rabu a 'yan canji. A nan sai dai ka je laburare ka biya shafi-shafi, ko ka sayi injin bugawa wanda tawadarsa ke neman kamo kuɗin injin. Mai cike maka fom kuwa lauya ne, awa yake ƙirgawa. A harkar banki ne suka fi mu: bayanin asusu na shekaru a waya za ka sauke, ba layi, ba "dawo gobe manaja bai zo ba".

Ni akwati guda na ware a ƙarƙashin gado, fayil-fayil, kowace shekara da nata. Takardun albashi na wata-wata, takardar haraji ta ƙarshen shekara, wadda a nan take ƙarewa 5 ga Afrilu, yarjejeniyar haya, da duk wasiƙar da ta zo da sunana da na uwargida tare, don ana neman shaidar cewa gida ɗaya muke. Kowacce na ɗauke ta hoto na ajiye a imel. Sai ƙaramin littafi na tafiye-tafiye. Mai neman zaman dindindin bayan shekara biyar bai kamata ya wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12 ba, kuma Ingila ba ta buga hatimi a fasfo in za ka fita. Zuwa gida sallah, Umara, ta'aziyya, duk suna cikin lissafi, fom ɗin kuma ranaku yake tambaya. A Mayun 2025 gwamnati ta kawo shawarar mayar da shekara biyar ɗin goma, saboda haka ko tikitin jirgi ba na yarwa.

To ga naka aikin. Ɗalibi sai ya nuna kuɗin makaranta da na ci da sha sun kwanta a asusu kwana 28 a jere, kuma bayanin bankin kada ya wuce kwana 31 da fitowa ranar shigar da buƙata. Na san halin kasuwar hatsi, yau kuɗi sun shigo, gobe an ce masara ta faɗi a ƙauye ka kwashe. A kwanakin nan ko yini ɗaya suka gaza adadin, an rushe lissafi. Ka buɗe asusu daban, ka manta da shi. Kuma na ɗalibin ko na iyayensa ake karɓa, nawa ba zai yi ba duk da ni baffansa ne. In naka za a yi amfani da shi, sai an haɗa da takardar haihuwarsa mai ɗauke da sunanka da wasiƙar amincewarka.

Nan ne sunayenmu ke ba mu wahala. Mutum ɗaya, a takardar firamare Muhammadu, a ta sakandare Mohammed, a banki Muhammad, a fasfo kuma an liƙa masa sunan gari, Kumo ko Dukku ko Bajoga. Mu mun san shi ne, kwamfuta ba ta sani ba. Ranar haihuwa ma haka, ta makaranta daban, ta rantsuwar kotu daban. Yanzu fasfon Najeriya da lambar NIN yake tafiya, in suka saɓa sai an gyara kafin a yi gaba, gyaran kuma a gida ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Ka zaunar da yaron ku baje takardunsa a tabarma, ku bi su harafi-harafi, har da naka sunan. Gwajin tarin fuka da ake nema wajen biza kada ya yi gaggawar yi, takardar wata shida take aiki, kuma sai a asibitin da suka amince da shi.

Ni ma ina da roƙo. Takardar aurenmu da aka rubuta da Larabci tana cikin adakar Hajiya, tare da ta asalin ƙaramar hukuma, tsohuwar nan mai tambarin Jihar Bauchi ta kafin a ba mu jiha a 1996. Duk takardar da ba da Turanci take ba sai an haɗa ta da fassarar da mai fassara ya sa wa hannu, wannan zan yi a nan. Kai dai ka sa a ɗauke su hoto a shimfiɗe, da rana, kusurwa huɗu duk su fito, kada a ga yatsan kowa. Ainihin takardun kuma a riƙe su, akwai mai tahowa bayan sallah, zan turo maka lambarsa.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata kuka da daddawar sun iso.

Ƙaninka.