Buhun taki ko bokitin fenti?

Mai neman zinare da zai kawo samfurin ƙasa daga daji zuwa Sakkwato, buhun taki yake fara ɗauka. Ga araha, ga sauƙin ɗaurewa a bayan babur. Amma tsakuwa tana huda shi, garin ƙasa kuma yana zurarewa ta saƙar, ya tafi da ƙananan ƙwayoyin zinaren.

Bokitin fenti mai lita 20 ya fi tsada da cin wuri, sai dai murfinsa na kamawa gam. Ni shi na zaɓa, saboda ƙura. Gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, daga ƙurar duwatsun zinaren da ake dakawa cikin gida ta fito. Bokitin ma kada a buɗe shi a tsakar gida.