Kejin raga ko akwatin gilashi: wanne ya dace da hawainiya a Katsina?

Mai kiwon hawainiya, idan ta girma wurinta ya yi mata kaɗan, zaɓi biyu ne a gabansa: kejin raga da mai walda zai haɗa masa, ko akwatin gilashi irin na kifi.

Gilashi ya fi kyan gani, kuma yana riƙe danshi, wanda ke da amfani lokacin hunturu. Amma a Katsina zafin Afrilu da Mayu kan kai digiri 40. Rana na taɓa gilashin nan, ciki ya zama tanda, iska ba ta ratsawa. Ga shi hawainiya kan hango kanta a jikin gilashi ta ɗauka abokiyar gaba ce, alhali dabba ce mai son zama ita kaɗai.

Ni raga nake zaɓa. Iska na shiga ta ko'ina, ɓangaren hasken rana da take buƙata don ƙarfin ƙashi yana isa gare ta, wanda gilashi ke tare mafi yawansa. Tsayi ya fi faɗi muhimmanci, domin mai hawan bishiya ce: santimita 60 faɗi, 120 tsayi, da rassa a gicciye da shuka mai ganye sosai. A goge bakin wayar kada ya yanke mata ƙafa, ƙofa kuma ta kullu saboda mage.

Matsalar raga saurin bushewa. Hawainiya ba kasafai take sha daga kwano ba, ɗigon ruwa take lasa a ganye, don haka sai an fesa safe da yamma. Idan hunturu ya tsananta, a rufe gefe biyu da leda.