Shekara ɗaya da Pure Classic a cikin jitata: ashe ba fikof ne mai laifi ba

Jita mai tsirkiyar nailan kayan kiɗan ɗaki ce. In mutum ashirin ne suka zauna suka yi tsit, ba ta neman taimakon kowa. Ranar da na fara zama tsakanin mai ganga da mai jitar bes kuwa, yatsuna kawai nake gani suna motsi, ni da nake kaɗawar ma ban ji komai ba. Daga nan na shiga neman fikof. Ba motar ɗaukar kaya nake nufi ba, 'yar na'urar nan ce da ke ɗaukar motsin jita ta mayar da shi lantarki, a tura lasifika.

Na fara da tuntuɓe. Wani abokin kiɗa ya ara mini irin wanda ake maƙalawa a bakin jita, muka jona, shiru kake ji. Wannan nau'in da maganaɗisu yake aiki, maganaɗisu kuma ƙarfe yake nema. Tsirkiyoyi uku masu kauri su suka ruɗe ni, don a ido kamar ƙarfe suke, alhali zaren nailan ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai rufin azurfa, ba abin da maganaɗisu zai kama. Tun da Albert Augustine, wani mai ƙera jita, ya fito da tsirkiyar nailan a shekarun 1940, da goyon bayan shahararren makaɗin jita Andrés Segovia, haka abin yake, kafin nan ma ta hanjin dabba ake ɗaurawa. Mai irin jitarmu hanya biyu ta rage masa: makirufo, ko fiyezo, wato sinadarin da ke fitar da lantarki idan an matsa shi ko an girgiza shi, wanda 'yan'uwan nan Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880.

Fiyezon da na fara sawa na ƙarƙashin ƙashi ne, siririn abu da ake shimfiɗawa a cikin jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a fuskar jita, ƙarƙashin farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa. Ba zan kama sunan masu yin sa ba. Yana da ƙarfi, ba ya saurin sa lasifika ihu, wannan na yaba masa. Amma muryar ba ta jitata ba ce. Duk sanda farce ya taɓa tsirkiya sai ka ji wani ƙwas kamar an karya cokalin roba, zaƙin katakon ya tafi. Ga tsirkiya ta biyu ta danne sauran. Mai gyara ya ciro ƙashin ya nuna mini gindinsa bai kwanta daidai ba, ya goge shi, wannan matsalar ta kau, ƙwas ɗin dai yana nan. Wata takwas na haƙura da shi.

Sai na koma Pure Classic na kamfanin K&K da ke Amurka. Shi 'yan faya-fayai ne guda huɗu, kowanne bai fi maɓallin riga ba, ana liƙa su da gam daga cikin jita, a bayan allon gaba, daidai ƙarƙashin jaki. Babu batir, babu maɓallin murɗawa, babu abin da ake gani daga waje sai ramin jona waya. Maimakon matsin tsirkiya, rawar allon yake saurara, allon kuwa shi ne muryar jita.

Sa shi ba aikin ganin dama ba ne. Cikin jitar gargajiya akwai siraran haƙarƙarin katako da suka bazu kamar mafici, tsarin da Antonio de Torres na Sifaniya ya daidaita a ƙarni na 19, kuma dole kowane faifai ya sami gurbi a tsakaninsu, hannu na lalube ta baki, madubi da tocila na taimakawa. Gam ɗin in ya kama ya kama. Sannan irin jitar nan ba ta zuwa da rami a gindi, sai an huda na kusan milimita 12. Da mai gyara ya ɗauko abin huji fita na yi daga ɗakin, ban iya kallo ba. Wanda bai taɓa yi ba kada ya koya a kan jitar da yake so.

Gwajin farko ya kusa sa ni kuka. Na ja waya daga jita kai tsaye zuwa ramin layi na miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta tura lasifika, sai ga murya siririya, busasshiya, ba kauri ko kaɗan, kamar ana kiɗa ta tsohuwar wayar tarho. Na ce shi ke nan, na huda jita a banza. Kwana uku ina zagin fikof a raina kafin wani mai kula da sauti ya dubi inda na jona ya yi dariya.

Ga abin da ya fahimtar da ni. Fiyezo lantarkinsa ba shi da ƙarfin turawa, yana son mashigar da ba za ta ja shi da yawa ba, abin da masu fasaha ke aunawa da om. Ramin layi na miksa yawanci wajen om dubu 10 ne. Fiyezo kuma yana neman kamar miliyan 1. In ka haɗa shi da ƙaramin, sautuka masu kauri ne ke fara zubewa a hanya, a bar ka da kaifi zalla. Aikin farko ke nan na firiyam, wato ɗan akwatin da ake sawa tsakanin fikof da miksa, tun kafin a zo maganar ƙara ƙarfi: ya karɓi fikof yadda yake so, ya miƙa wa miksa yadda take so. Da na san haka tun farko, ina jin da na ƙarƙashin ƙashin ma bai sha zagi kamar yadda ya sha ba, don shi ma sau da yawa haka nake jona shi.

Na sayi Pure XLR na kamfanin dai, wanda mashigarsa om miliyan 1 ce. Ƙaramin akwati ne, yana cin batir mai bolt 9 ko ya sha wuta daga miksa ta wayar makirufo, yana da maɓallan kauri da tsakiya da kaifi, da wani ɗan makunni na juya zubin sauti. Ina jonawa na kaɗa tsirkiya ta shida, na ji katakon ya dawo. Abin da ya fi burge ni shi ne ya bar mini bambancin hannun dama. Duk mai kaɗa irin jitar nan ya san cewa kiɗa kusa da jaki daban, kusa da baki daban, jingina yatsa daban, fizga daban, kuma a nan rabin gwanintar take. Tsohon fikof ɗina duk ya mayar da su abu ɗaya. Wannan yana nuna su. Maɓallin tsakiya na ɗan rage shi, sauran ban cika taɓawa ba.

Sai dai duk abin da ke sauraron allo, komai ya taɓa allo zai ji. Gogar hannun riga, maɓallin da ya bugi gefe, duk suna fita a lasifika. Ga mai buga jikin jita da yatsa irin na 'yan kiɗan filamenko na Sifaniya wannan riba ce, ni kuwa sai da na sake koyon zama. Kuma allon da ke rawa don tsirkiya zai yi rawa don lasifika. Iskar da ke cikin jita tana da nata sautin, wajen haz 100, wato rawa ɗari a daƙiƙa, kusa da sautin G ko A na tsirkiya ta shida, kuma a nan gurnanin yake farawa idan an ɗaga murya. Makunnin juya zubi ya cece ni sau da dama, dannawa ɗaya gurnani ya kwanta. In bai kwanta ba, nakan roƙi mai miksa ya rage gurbin wannan sautin kaɗai, in kawar da lasifikar ƙasa daga fuskantar jita, in toshe bakin da marfin roba. Marfin yana cin ɗan zaƙi, amma a dandali mai ganga babu mai lura. Akwai firiyam masu maɓallin yanke gurbin da kansu, kamar Para Acoustic DI na LR Baggs, ga wanda yake yawan shiga wurare masu hayaniya.

Ya kai makirufo? Bai kai ba, kuma babu fikof da na ji ya kai. Makirufo yana jin iskar da ta bar jita ta gauraya da ɗaki, fikof yana manne da katako ne kamar kunnen da aka kara a ƙirji. In zan naɗi sauti, ko in yi kiɗa ni kaɗai a zaure mai shiru, makirufo nake kafawa, kuma irin DPA 4099 da ake maƙalawa a jikin jita ya fi abin da nake da shi kyawun murya nesa ba kusa ba. Akwai kuma masu haɗa biyun, kamar Anthem SL na jitar nailan, inda makirufon ciki ke ɗaukar kaifi, na ƙarƙashin ƙashi ya riƙe kauri. Wanda kuma zuciyarsa ba za ta yarda a huda masa jita ba, NG-1 na KNA a kan jaki yake zama, tsirkiyoyin da kansu ke danne shi, ranar da ka gaji ka cire.

Ni dai Pure Classic zai zauna, ko ba komai gam ya riga ya yanke hukunci. Zan sake sayensa, amma a rana ɗaya da firiyam, kuma jita mai tsada da ake ajiyewa don zauren shiru ba zan huda ta ba. Yanzu a aljihun jakar akwai akwatin firiyam, gajeriyar waya mai kyau don doguwa tana rage ƙarfin sauti kafin a isa akwatin, marfin roba, da batir biyu, tun ranar da na tarar da miksar da ba ta ba da wuta.