Sabon gidan tausa na bayan Zoo Road da ɗaliban da suke koya wa sana'ar

Masu ta tambayata kan gidan tausar nan da aka buɗe ta bayan Zoo Road, to na je, kuma gaskiya ya cancanci a je, musamman ɗakin ɗalibai, duk da akwai gyare-gyare da zan faɗa. Suna dai ba zan sa ba kar a ce kuɗin talla na karɓa. Ni tela ne, wuni nake a sunkuye kan keke, wuya da ƙugu sun daɗe suna damuna, shi ya kai ni.

Mun san yadda mutanen Kano suke kallon harkar tausa, da an ambata sai a fara zargin wani abu daban, kuma ba laifin mutane ba ne don an sha jin labarai marasa daɗi. Nan kam sun rufe wannan ƙofar tun daga gini, ƙofar maza daban ta mata daban, namiji ke taɓa namiji mace ke taɓa mace, kuma ba a tuɓe ka, gajeren wando suke ba ka mai wuce gwiwa sannan a lulluɓe ka da tawul sai wajen da ake aiki kawai ake buɗewa. Ko 'yan Hisba suka shigo ba abin da za su ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne kafin a taɓa ka sai an zaunar da kai an cike fom. Kana da hawan jini? Ciwon suga? Sikila? An taɓa maka aiki? Akwai zazzaɓi a jikinka yau? Su auna maka jini, in ya haura 140 bisa 90 sai malamin ya zo da kansa ya duba kafin a ci gaba. A gabana wani dattijo ya zo da ƙafa ɗaya ta kumbura daga ƙwauri, da zafi, yana ta roƙo a murza masa, malamin ya ce masa Baba ka yi haƙuri wannan ba ta tausa ba ce, ka wuce asibitin Malam Aminu Kano yau ɗin nan a duba. Daga baya yake yi wa ɗaliban bayani cewa irin wannan kumburin zai iya zama gudan jini ne a jijiya, in aka murza ya ɓalle ya tafi huhu to ana iya rasa mutum nan take. Wallahi a nan na yarda da wajen, don kuɗi ne ya zo musu har gida suka mayar, kuma mu nan da yawa in ƙafa ta kumbura man zafi kawai muke nema mu murje.

Tausar ɗalibi rabin kuɗi ce, kuma ana gaya maka tun a kanta cewa ɗalibi ne, ba ɓoye-ɓoye. Yaron da ya yi min bai fi ashirin da 'yan kai ba, hannunsa da ɗan rawa da farko, kowane minti sai ya ce Yaya ya yi zafi ko in ƙara, har sai da na ce masa ƙanina saki jikinka ka yi aikinka. Man kaɗanya suke haɗawa da man zaitun a ɗan ɗumama shi. Ya fara da shafa a hankali, sannan murza, a ƙafa da hannu kullum daga ƙasa zuwa sama wajen zuciya, kuma ba ya danna ƙashin baya kansa sai naman gefe da gefe. Malamin yana tsaye yana gyara masa, ka daina aiki da babban yatsa kaɗai zai mutu maka kafin shekara, sa nauyin jikinka, gyara tsayuwarka. Wannan kulawar da lafiyar yaron ita ma ta yi min. Wuyana ya saki sosai, na yi barci mai daɗi, amma sun faɗa min gaskiya cewa in ban ɗaga kujerar ɗinkina ba kuma ban riƙa miƙewa ina motsa jiki ba ciwon zai dawo, kuma haka ne.

Iyaye masu son kai yara, ku fahimci abu ɗaya, wannan ba gashin ƙashi ba ne irin na asibitin Dala. Wancan digiri ne na aƙalla shekara 5 a jami'a kamar BUK, sannan lasisi daga MRTB, hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista, wadda aka kafa da dokar 1988. Nan sana'ar hannu ce ta 'yan watanni, mai shanyewar ɓarin jiki ko karaya ba nasu ba ne, su ma da bakinsu suke faɗa. Ku tambayi wace takarda za a ba yaro in ya gama da kuma inda take aiki kafin ku biya.

Gyara kuwa akwai. Malami ɗaya ne yake zagaya ɗakunan maza, in ya fita sai ɗalibi ya ɗan rikice, ya kamata su ƙara ko mutum ɗaya ne. Ɓangaren mata ya fi matsala, maiɗakina ta je ta daɗe a zaune don malama ɗaya ce kuma mata sun fi yawa, har da masu jego da iyayensu ke rakowa. In aka ɗauke wuta solarsu fanka kawai take ja, ga mai a jiki ga zafin Kano, don haka da safe ya fi ko bayan la'asar. Suna karɓar taransifa, Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci suke buɗewa.