Kyoto ko Nara: wanne za a ba wa rana ɗaya?

Alhaji, ka ce harkar kasuwanci za ta kai ka Osaka, rana ɗaya tak za ta rage maka kafin jirginku ya tashi, kuma kana son ka ga tsofaffin gine-ginen Japan: shin Kyoto za ka nufa ko Nara? Ni dai na ce Nara. Na san da yawa a nan za su ce Kyoto, don ita ce ta yi suna, saboda haka bari in baje maka su biyun ka duba da kanka.

Ta fuskar nisa babu wani bambanci. Daga tashar Osaka jirgin ƙasa mai sauri na kai mutum Kyoto cikin kusan minti 30, daga tashar Namba kuwa jirgin Kintetsu na kai ka Nara cikin kusan minti 40. Bambancin yana farawa ne bayan ka sauka.

Nara ce yaya. Ta zama babban birnin Japan a 710, fadar sarki ta tashi daga can a 784, kuma cikin dalilan da masana tarihi ke kawowa akwai yadda limaman addinin Buddha suka yi ƙarfi har suna tsoma baki a sarauta. Shekara goma bayan haka, a 794, aka kafa fada a Kyoto, ta zauna nan sama da shekara dubu, sai a 1869 sarki ya koma Tokyo. To ka ga, sarautar Nara ba ta kai shekara tamanin ba, ta Kyoto kuwa ta tara abin da ba ya ganuwa a yini guda.

Matsalar ke nan. Kyoto gari ne na mutane kusan miliyan ɗaya da rabi, kuma wuraren tarihinta 17 da UNESCO ta sa a jerinta a 1994 a warwatse suke, wasu ma a wajen gari. Kinkaku-ji, ginin nan da aka lulluɓe bangonsa da zinari da kake gani a hotuna, yana arewa maso yamma. Kiyomizu-dera, wurin ibadar Buddha, yana kan tudu a gabas. Fushimi Inari, wurin ibadar Shinto (addinin gargajiyar Japan), yana kudu. Tsakaninsu galibi sai bas, bas ɗin kuma a cike yake maƙil, musamman lokacin furen bishiyar sakura a farkon Afrilu da lokacin da ganye ke yin ja a Nuwamba. Mai rana ɗaya zai ƙare rabinta a layi da kan hanya, ya dawo da hotuna uku da ciwon ƙafa.

Ba wai ina rage wa Kyoto daraja ba ne. Barandar Kiyomizu-dera abin kallo ce: tsayinta mita 13 daga ƙasa, a kan manyan ginshiƙan katako da aka sarƙe ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, kuma ginin da ke tsaye yanzu na 1633 ne. A fadar Nijo, wadda Tokugawa Ieyasu, shugaban soja mai riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya gina a 1603, daɓen katakon yana ƙara kamar kukan tsuntsu idan an taka shi, ana cewa don a ji sawun mai shigowa da mugun nufi. Kinkaku-ji kuwa, gaskiya shi ne ya fi ba ni kunya. An fara shi a 1397, amma wani matashin limamin wurin ya cinna masa wuta a 1950, wanda ake gani yau an sake gina shi ne a 1955. Ba a shiga ciki. Za ka tsaya a bakin tafki cikin turmutsitsi, ka ɗauki hoto, a turo ka gaba.

Nara ba haka take ba. Daga tashar Kintetsu da ƙafa za ka shiga filin shaƙatawa na garin, kuma manyan wuraren duk suna cikinsa ko a gefensa. Za ka fara wucewa ta wurin ibadar Kofuku-ji, ka miƙe zuwa na Todai-ji, inda aka ƙaddamar da ƙaton mutum-mutumin Buddha na tagulla a 752, aikin da Sarki Shomu ya ba da umarni bayan annobar agana ta yi wa ƙasar mummunar ɓarna. Tsayinsa kusan mita 15 ne a zaune. Zauren da ya rufe shi ya ƙone sau biyu a yaƙe-yaƙe, na yanzu an gama shi a 1709, faɗinsa mita 57, kuma duk da haka kusan kashi biyu cikin uku ne na faɗin na asali. Ko wanda ba ruwansa da abin da ake bauta wa a ciki, idan ya san aikin kafinta, sai ya riƙe baki. Akwai wani ginshiƙi a ciki mai rami a gindinsa, yara na bin layi suna rarrafawa ta ciki. Kai dai Alhaji kar ka gwada.

Abin da ya fi burge ni a Nara ba ya cikin hotuna. Bayan Todai-ji akwai rumbun ajiya mai suna Shosoin, inda aka adana kayan Sarki Shomu tun 756, ciki har da kwanon gilashi na Farisa da kayan kiɗa da suka biyo hanyar fatauci ta siliki. Ɗan kasuwa ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan: haja ta baro Farisa ta ratsa ƙasar Sin ta iso nan tun shekara 1,200 da suka wuce. Ba a shiga rumbun, sai dai kowace kaka ana fito da wasu kayan a gidan tarihi na ƙasa da ke Nara na 'yan makonni. Daga nan sai ka bi hanyar cikin kurmi zuwa Kasuga Taisha, wurin ibadar Shinto da aka kafa a 768, mai fitilu kusan 3,000 na dutse da na tagulla.

Sai barewa. Sun haura dubu, suna yawo sakaka tsakanin mutane, don mabiya Shinto na ɗaukar su 'yan aiken abin bautarsu. Ana sayar da wani biskit na musamman da ake ba su, wasu har sunkuyar da kai suke yi kafin su karɓa. Kar ladabin ya ruɗe ka. Wata ta fizge min taswira daga hannu ta cinye rabi kafin in ankara. Ka ɓoye takarda da leda.

Tunda na san za ka tambaya: duka garuruwan biyu wuraren nan na ibada ne masu rai, ba kufai ba. Mai suna da ya ƙare da "ji" ko "dera" na Buddha ne, mai ƙofar nan da ake kira torii kuma na Shinto ne. Babu mai tilasta maka rusunawa ko tafa hannu ko kunna turare, kallo kawai za ka yi ka wuce. A wasu zaurukan ana cire takalmi, sai ka sa mai sauƙin cirewa. A nan ne Kyoto ta fi: tana da masallaci da gidajen abinci na halal fiye da Nara. Ka yi hattara da romon ramen, wato taliyarsu mai romo, galibi na alade ne, kuma ana zuba giyar girki da suke kira mirin a miya da yawa. Kyoto ta shahara da yudofu, wato awara ce dai tamu amma dafaffiya a ruwan zafi, ba soyayya ba. Idan Nara za ka, ka yi guzuri daga Osaka, ka riƙe ƙaramar darduma.

In kuma Allah ya sa an ɗaga tafiyar ka sami kwana na biyu, to ka ba wa Kyoto, amma ka fita da asuba. Fushimi Inari ba ya rufewa kuma ba a biyan kuɗin shiga, tasha biyu ce kacal daga tashar Kyoto a layin jirgin ƙasa na JR. Ƙarfe shida na safe za ka bi ta ƙarƙashin dubban jajayen ƙofofinsa kusan kai kaɗai. Ka duba bayan kowace ƙofa, za ka ga rubutu: sunan ɗan kasuwa ko kamfanin da ya biya kuɗinta ne, da ranar da aka kafa ta.