Zailazin ko dayazifam: wanne ya fi sauƙi ga zuciya da huhun tunkiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace allurar kwantar da dabba ce ta fi dacewa a fara yi wa tunkiya kafin a sa ta barcin tiyata, zailazin ko dayazifam.

Zailazin tana kwantar da tunkiya sosai, tana kuma rage zafi, shi ya sa ake son ta. Amma a zuciya takan rage bugu da yawan jinin da ake turawa, matsin jini ya hau da farko, sannan ya faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne huhu. A magudanan jinin huhun tumaki akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da wannan maganin ke tunzurawa, sai ruwa ya fara tsatsafowa cikin huhu, iskar oksijin ta ragu a jini cikin 'yan mintuna. Tunkiya na iya yin numfashi da sauri alhali jininta ba ya samun iska, don haka ƙirga numfashi kaɗai bai isa ba. A riƙa duba dasashi, idan ya fara shuɗi a ba ta oksijin nan take. Ga kumburin tumbi da dalalar miyau, kuma zailazin tana iya tayar da mahaifar mai tsohon ciki. Awonta kaɗan ne, miligiram 0.05 zuwa 0.2 a kowane kilo na nauyin dabba, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake ba doki. Makarinta atifamizol.

Dayazifam kuwa, miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowane kilo ta jijiya a hankali, da ƙyar take taɓa bugun zuciya ko matsin jini. Numfashi ma kaɗan yake raguwa. Sai dai ba ta kashe zafi, ba ta daɗewa, kuma ƙaƙƙarfan rago ba lallai ya kwanta da ita kaɗai ba.

A ganina, tunkiya mai tari, ko ramammiya, ko mai ciki, ko ɗan rago, dayazifam ce tasu, a bi ta da ketamin, wato allurar sa barcin tiyata, da maganin kashe zafi. Zailazin sai lafiyayyar dabba, a tsoka, a mafi ƙarancin awo, likitan dabbobi na tsaye da oksijin da makari a kusa.